NONO ZALLA WATA SHIDA: WA KE SAMU, WA KE RASHI A ƘASAR ZANGON KATAF?

Daga Wakilinmu na Arewa

 Yau zancenmu na jarirai ne da abin da ake ɗura musu. Na san wani magidanci zai ce ai wannan maganar mata ce, ya nemi juya shafi. Ina roƙonsa ya dakata tukuna, domin shi ne ma na fi nufi da wannan bayani.

Akwai wani ɗan kawuna da yake aikin gadi a Ikko, matarsa kuwa tana gida a wani ƙauye da ke tsakanin Zonkwa da Samaru Kataf. Sa'ad da ta haifa masa ɗan fari murna ta kama shi, ya kwashi ɗan abin da ya tara ya sayi gwangwanin madarar jarirai guda uku da bulumboti, ya haɗa da turmin atamfa, ya ba direba ya kai gida. A ganinsa ya yi wa ɗansa abin da manyan mutane suke yi wa nasu, irin maigidan da yake tsaron ƙofarsa. Matar tana da nono isasshe, amma tun da miji ya aiko, kuma maƙwabta sun gani sun yaba, sai ta fara haɗa wa yaro da madarar. Kafin wata ya zagayo gwangwani biyu sun ƙare. Na ukun sai aka shiga tsimi, a sa awo ɗaya inda takarda ta ce uku, a dama da ruwan rijiya. Nonon uwar kuma ya ja da baya, domin yaron ya rage tsotso. Yana da wata biyu da 'yan kwanaki sai zawo ya kama shi, maɗiga ta faɗa, idanu suka zurma. Da tsakar dare aka ɗauko shi a kan babur zuwa asibiti, aka yi masa ƙarin ruwa, ya kwana biyar a gado. Allah ya sa da sauran shan ruwa a gaba, ya tashi. Amma kuɗin da aka kashe ya ninka na gwangwanayen, kuma uban da ya bar bakin aikinsa ya taho, da ya koma sai ya tarar an ɗauki wani.

Babu wanda ya yi mugunta a cikin wannan labari. Miji ƙauna ta sa shi, mata biyayya ta yi. Abin da ya rasa musu shi ne wani bayani ɗan kaɗan wanda matar maigidansa a Ikko ta ji tun ranar da ta fara zuwa awo. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu duba yadda wannan bayani, da damar yin aiki da shi, suka isa ga waɗansu mata a ƙasar Zangon Kataf suka tsallake waɗansu.

ABIN DA LIKITOCI SUKA CE

Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, sun tsai da magana a kan abubuwa uku. Na farko, a sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Na biyu, a ba shi nono zalla har ya cika wata 6, ba ruwa, ba kunu, ba dauri, ba madarar gwangwani, sai dai maganin da likita ya rubuta. Na uku, daga wata 6 a fara ba shi abinci mai laushi, amma a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

A shekarar 2016 wata mujallar likitoci ta Ingila mai suna Lancet ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe da yawa, ta ba da lissafin cewa da kusan kowace uwa za ta shayar kamar yadda ya kamata, da an tsirar da ran yara wajen 823,000 a kowace shekara, kuma da mata wajen 20,000 ba su mutu da sankarar mama ba. Har ila yau ta ce a ƙasashe irin namu shayarwa tana iya kawar da kusan rabin zawon da yara suke yi, da kashi ɗaya daga cikin uku na cututtukan numfashi. Zawo da ciwon huhu kuwa, tare da zazzaɓin cizon sauro, suna cikin manyan masu ɗauke mana yara kafin su kai shekara biyar.

ƘIDIDDIGA

A Nijeriya kusan kowane jariri yana shan nono, wannan ba abin musu ba ne. Inda gizo yake saƙa shi ne nono zalla. Binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take gudanarwa ya nuna cewa a 2008 kashi 13 ne kaɗai daga cikin 100 na jariran da ba su kai wata 6 ba suke shan nono zalla. A 2013 ya zama kashi 17, a 2018 ya hau zuwa 29. Babban taron lafiya na duniya ya sa buri tun 2012 cewa a kai kashi 50 kafin ƙarshen 2025, kuma a 2023 duniya gaba ɗaya ta kai kashi 48. Watau mun yi yunƙuri, amma an bar mu a baya.

Wannan kashi 29 kuwa ba a raba shi daidai wa daida ba. Binciken ya nuna cewa matan da suka yi makaranta mai zurfi, da masu hali, da waɗanda suke kusa da asibiti, sun fi ba da nono zalla. Matan karkara da na Arewa kuma sun fi daɗewa suna shayarwa kafin yaye, amma sun fi saurin haɗawa da ruwa tun kwanakin farko. Kowane ɓangare yana riƙe da rabin alheri ya saki rabi. A 2018 kashi 39 na haihuwa a ƙasar nan aka yi a asibiti, amma a yankin Arewa maso Yamma, inda Jihar Kaduna take, kashi 16 ne kawai, alhali a Kudu maso Gabas kashi 82 ne. Macen da ta haihu a ɗaki babu nas a kanta da za ta ce a miƙo mata jaririn yanzu-yanzu. A wannan shekara kuma yaran da suka tsumbure don rashin abinci mai gina jiki kashi 57 ne a Arewa maso Yamma, kashi 18 a Kudu maso Gabas.

ƘASA ƊAYA, MATA IRI-IRI

Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, wadda hedkwatarta take Zonkwa, tana da mutum fiye da 300,000 bisa ƙidayar 2006. A cikinta akwai Atyap, waɗanda Hausawa suka fi sani da Katab, akwai Bajju, da Ikulu, da Kamantan, da Hausawan garin Zango, da Fulani a rugage. Kafanchan tana maƙwabtaka da ita, da babban asibitinta da makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, a Zonkwa kuma akwai asibitin St. Louis na 'yan Katolika. Ƙasa ce da aka san ta da ilmin zamani tun zamanin mishan. Duk da haka in ka bi matanta ɗaya-ɗaya za ka ga tazarar da ke tsakaninsu.

Ɗauki ma'aikaciyar gwamnatin jiha. Tun watan Mayu na 2019 Gwamnatin Jihar Kaduna ta amince a riƙa ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata 6. Wannan mace ta je awo, ta ji lacca, ta haihu a asibiti, ga albashi yana shigowa tana zaune a gida da jaririnta. Ita kam hanya a buɗe take. Amma 'yar uwarta da take koyarwa a makarantar kuɗi ko take tsaron kanti, abin da Dokar Ƙwadago ta tanada mata a sashe na 54 shi ne mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da rabin albashi in ta cika wata 6 a wurin aikin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa in ta koma. Sau da yawa ma ba ta san da wannan doka ba, kuma tana tsoron tambaya kada a sallame ta.

Sai manomiya, wadda ita ce mafi yawa. A wannan ƙasa mata suna noma sosai, masara da dawa da acca da doya, ga kuma citta wadda kudancin Kaduna ya yi suna a kanta har ƙasashen waje. Aikin citta ba ya jiran mai jego. A shuka, a yanko ganye a rufe, a yi ta cirar ciyawa da hannu, sa'an nan da kaka a tone, a tsaga, a shanya. Macen da take ƙwadago a gonar wani, in ba ta fita ba babu abin sawa a tukunya. Sai ta bar jariri a hannun 'yar raino wadda ita kanta ba ta wuce shekara takwas ba, in ya yi kuka a ɗura masa ruwa ko kunu. Cutar da ta faɗa wa citta a damunar 2023 ta ƙara jefa gidaje da yawa cikin matsi, kuma in gida ya shiga matsi mai jego ce ta farkon komawa gona.

Bafillatana kuwa jaririnta yana bayanta duk inda ta nufa da ƙwaryar nono, don haka ba ta da matsalar rabuwa da shi. Tata matsalar nisa ce da harshe. Ruga tana nesa da ɗakin shan magani, bayanin da ake yi kuma da Hausa ne ko Turanci. A waɗansu rugage akan fara ba jariri nonon saniya ko man shanu kafin na uwarsa, ga kuma kunyar ɗan fari, wadda takan hana yarinya ɗaukar jaririnta ta ba shi mama a gaban manya. Wannan kunya Hausawa ma suna da ita.

Bahaushiyar Zango ko Kafanchan tana gida yini guda tare da ɗanta, kuma takan shayar har kusan shekara biyu. Ita ce ta fi kowa lokaci, amma ba ita take da ta cewa ba. Uwar miji da ungozoma su ne masu jariri a kwana arba'in ɗin farko. Su za su ce a matse daƙashi a zubar, su za su ba da ruwa da dauri da zuma, waɗansu har gwajin nono suke yi da tururuwa ko da wuƙa mai zafi don a ga ko nonon yana da kyau, jariri yana jira. Zuwa awo kuma sai da iznin maigida da kuɗin mota daga aljihunsa.

Akwai kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba. Rikicin 1992, da na bayan zaɓen 2011, da hare-haren da suka yi tsanani a 2020, duk sun raba mata da gidajensu, Musulmi da Kirista, manoma da makiyaya. Uwar da ta kwana a daji da jariri takan ce tsoro ya ƙafar mata da nono. Gaskiyar magana firgita tana iya riƙe zubowar nono na ɗan lokaci, amma ba ta ƙafar da shi, in aka kwantar mata da hankali aka ciyar da ita yaro ya ci gaba da tsotso, zai dawo. Masu kai taimako wurin 'yan gudun hijira su sani gwangwanin madara a inda babu ruwa mai tsabta da itacen tafasa shi haɗari ne. Haka nan uwar da take ɗauke da cutar ƙanjamau, shawarar likitoci ita ce ta riƙe shan maganinta ba fashi, ta ba da nono zalla wata 6, ta ci gaba har shekara ɗaya aƙalla. Haɗa nono da wani abu a watannin farko ya fi zama haɗari ga ɗanta.

Abin lura a nan shi ne ba jariri ruwa bai san ƙabila ko addini ba. Ana yi a gidan Atyap, ana yi a gidan Bahaushe, ana yi a ruga. Abin da ya raba matan nan shi ne wadda take da lokaci, da wadda bayani ya isa kunnenta cikin harshen da take ji, da wadda maganarta take da nauyi a gidan mijinta.

HUJJAR TSOFAFFI

Kada mu raina iyayenmu mata. Tsohuwar da ta ga jariri cikin zafin bazara ta ce a ba shi ruwa, tausayi ne ya sa ta, kuma za ta ce maka haka aka yi maka ga ka ka girma. Sai dai in aka zauna da ita a hankali aka tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ta binne tun suna goye, lissafin yakan sa kowa ya yi shiru.

Amsar da za a ba ta mai sauƙi ce. Wajen kashi 88 daga cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma ruwan da babu ƙwayar cuta a cikinsa. Nonon da yake fara zubowa in yaro ya kama mama tsararo ne mai kashe ƙishirwa, na baya shi ne mai kauri mai ƙosarwa. An gwada a ƙasashe masu zafi an tabbatar jaririn da ake ba mama duk lokacin da ya nema ba ya bukatar ƙarin ruwa. Cikin jariri kuwa ɗan ƙarami ne, in ruwa ya cika shi babu wurin nono, in ya rage tsotso nonon uwa ya ragu, domin yawan tsotso shi ke kawo yawan nono. Alamar yaro yana ƙoshi ita ce ya yi fitsari kamar sau 6 a yini da dare, kuma nauyinsa yana ƙaruwa a ma'auni. In ana jin zafi, uwar za a ba ruwa ta sha ta ƙoshi.

Game da daƙashi, a tambayi kowane makiyayi ko yana hana ɗan maraƙi nonon farko. Ba ya hana shi, don ya san maraƙin da ya rasa shi ba ya ƙarko. To, na ɗan Adam ma haka yake. Wannan nono mai kauri, fatsi-fatsi, wanda ake cewa datti ne, cike yake da abubuwan da suke kare jariri daga cuta, shi ne rigakafinsa na farko, kuma yana wanke masa baƙin kashin nan na farko. Ita ma uwar tana amfana, domin tsotson farko yana taimaka wa mahaifa ta tsuke, zubar jini ya ragu. Zuma kuwa likitoci sun hana a ba yaro kafin ya cika shekara ɗaya, saboda takan ɗauko wata ƙwayar cuta mai shanye jikin jariri. Wani amfanin kuma da magidanta za su so ji shi ne macen da take ba da nono zalla dare da rana, in jinin al'ada bai dawo mata ba, da wuya ƙwarai ta ɗauki ciki a cikin wata shidan nan. Ga maganin kwanika a gida.

Addini ma yana tare da wannan magana. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, ta kuma ɗora wa uba ciyar da mai shayarwar da tufatar da ita. A cikin Littafi Mai Tsarki an ba da labarin yadda aka mai da Musa ga uwarsa ta shayar da shi, da yadda Hannatu ta zauna a gida har sai da ta yaye Sama'ila. Liman da fasto duka suna da abin faɗa a nan.

YADDA GWANGWANI YA SHIGO

Madarar gwangwani tana da ranarta, ga marayan da uwarsa ta rasu ko inda likita ya ga tilas. Amma yadda ta zama abin ado dogon labari ne. Tun 1939 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau, kuma ita ta bayyana wa likitocin duniya cutar kwashoko, ta tsaya a Singafo ta yi lacca mai zafi a kan yadda tallan madara yake kashe jarirai. A 1974 wata ƙungiya a Ingila ta buga rahoto a kan wannan talla a ƙasashe matalauta, a 1977 aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin Nestlé a Amurka saboda haka. A 1981 babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙa'idar da ta hana tallan abin da zai maye gurbin nonon uwa, ƙasashe 118 suka goyi baya, Amurka kaɗai ta ƙi. A nan gida iyayenmu suna ba da labarin zamanin Udoji, sa'ad da kuɗi ya shigo hannun ma'aikata, bulumboti ya zama shaidar wayewa. Sai a 1990 gwamnatin soja ta kafa Doka ta 41 wadda ta ƙayyade tallan, aka gyara ta a 1999, kuma Hukumar NAFDAC ce take da alhakin tsaron ta. Doka ta tare tallan a fili, amma tunanin da ya dasa yana nan, shi ne ya kai ɗan kawuna kanti.

INA AKA KWANA?

Hukuma ba ta zauna kawai ba. Tun 1991 aka fito da shirin asibitoci masu ƙaunar jarirai a duniya, Nijeriya ma ta shiga. Kowace shekara daga ran 1 zuwa 7 ga Agusta ana makon shayarwa. Wani shiri mai suna Alive & Thrive ya yi aiki a jihohin Kaduna da Ikko a kan ciyar da jarirai, a 2019 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da yaƙin neman a daina ba jarirai ruwa kafin wata 6. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma ta ɗauki manufar kowace mazaɓa ta sami ƙaramin asibiti guda mai aiki.

Amma duk waɗannan sun fi amfanar wadda dama take kusa. Hutun wata 6 bai kai gonar citta ba, laccar ranar awo wadda ta zo awo kaɗai take ji, takardar da aka manna a bango kuma sai mai karatu. In ana son a rage tazarar tilas ne bayani ya bi mata inda suke. A yi shi da Tyap da Jju da Fillanci da Hausa, a rediyo da kasuwa. A shiga ta Zumuntar Mata a majami'u, da makarantun Islamiyya na matan aure, da arɗo-arɗo a rugage. A kira tsofaffi da ungozomomi a ba su girmansu a koya musu, domin wadda ta ba da umurnin a zubar da daƙashi ita ce za ta iya ba da umurnin a bari. Fadar Agwatyap da ta Agwam Bajju da ta Sarkin Jama'a in suka yi magana ana ji. Masu manyan gonaki su bar 'yar ƙwadago ta zo da goyonta da 'yar rainonta, a yi musu rumfa a bakin gona. In kuwa tilas ta bar shi a gida, tana iya tatsar nono da hannu mai tsabta a kofi mai murfi, a ajiye a inuwa mai sanyi, zai kai wajen awa 4 bai lalace ba, a ba shi da kofi ko cokali. Muna kuma da gayya tun kaka da kakanni. In unguwa ta amince cewa gonar mai jego ta gayya ce a wannan damuna, to manomiya ma ta sami nata hutun haihuwa ba tare da takardar gwamnati ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

MATANMU NA KURMI

Ku da kuke zaune da iyali a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Sabon Badun, taku matsalar daban ce. Asibiti yana kusa, amma matarka ba ta jin Yarbanci ko Turanci, ta je awo ta zauna a bayan layi ta dawo ba ta ɗauki kome ba. Jihar Ikko ta ba ma'aikatanta mata hutun wata 6 tun 2014, amma mai tuyar ƙosai da mai aikatau ba su cikin lissafi. Ga mai kemis a bakin layi da gwangwanaye jere, ga ruwan leda wanda ake ɗauka tun da mai tsabta ne ba laifi a ba jariri. Ko da mai tsabta ne, wurin nono yake cinyewa. Sa'an nan in ka tura ta gida haihuwa ko wankan jego, abin da ta koya a nan yakan tsaya a tashar mota, domin yarinya ba ta iya musu da uwarta ko uwar mijinta. Kai ne za ka iya, cikin ladabi.

ABIN DA YA RAGE GA MAIGIDA

Na farko, in za ka yi aike ka aika abin da uwar za ta ci: wake, gyaɗa, manja, kifi, ƙwai, hatsin kunu. A ciyar da uwa, ita za ta ciyar da ɗa. A kuma rage kanwa a kunun jego, domin tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta yawan kanwa da yawan gashi da ciwon zuciyar da yake kama masu jego. Na biyu, ka ware kuɗin awo da na motar zuwa asibiti tun ciki yana ƙarami, in a Kurmi take ka raka ta ko ka haɗa ta da mai yi mata tafinta. Na uku, in a gida take, ka biya wanda zai yi mata noma da ɗiban ruwa da itace a watannin farko, wannan ya fi turmin atamfa. Na huɗu, ka ɗauki waya ka kira mahaifiyarka tun kafin haihuwa, ka gaishe ta, ka roƙe ta arziki a sa jariri a nono da zarar ya faɗo, kuma kada a ba shi kome sai mama har wata 6. In ka bari sai ranar suna ka makara.

Ɗan kawun nan nawa ya sami wani aikin, kuma an sake yi masa haihuwa, mace. Wannan karon wake da manja da busasshen kifi ya aika, ya biya yara biyu suka yi noman, ya kira tsohuwarsa har sau uku. Ta yi ta faɗa a kan 'ya'yan zamani, ta ce za a kashe mata jika da ƙishirwa. Daga baya ta ce ta yarda a gwada, amma in yarinyar ta rame ruwansa. Ita da kanta take goya ta zuwa ma'auni duk wata don ta kama shi da laifi, har wata shidan suka cika ba ta samu ba.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba masu jego lafiya, ya mai da matafiya gida lafiya. Sai mun sadu a mako mai zuwa.